Lambar Anisa

A duk unguwar Abdulkafi ta garin Sabha, in baƙo ya zo neman wanda ya san kan Libiya, wajen Malam Sabi'u magini ake nuna masa. Shi ma ya yarda da wannan shaida, don kuwa daga bakinsa ta fara fitowa. Mutumin Tasawa ne ta ƙasar Nijar. Ya haura shekara goma yana jera bulo a gidajen Larabawa, kuma a duk tsawon shekarun nan ɗan sanda bai taɓa riƙe masa wuyan riga ba. Masu hassada suna cewa sa'a ce. Sabi'u ya ce ilimi ne, kuma ba ya rowarsa, kyauta yake rabawa kowace Juma'a bayan la'asar, a gindin katangar gidan hayarsu, in an ɗora shayi.

"Ku saurara da kyau," yakan ce wa sababbin zuwa, waɗanda ƙurar hanyar Agadas ba ta gama fita daga kunnensu ba. "Ƙasar ga, duk abin da Balarabe ya tambaye ka, ka ce akwai. Katin shaida? Akwai, shina gida. Takardar zama? Akwai, tana wajen maigidan aiki. Kar ka kuskura ka ce babu. Babu ita ke kai mutum kalabush."

Kalabush ba ya bukatar fassara ga wanda ya taɓa ganin an cusa 'yan'uwansa a bayan mota an rufe. Kar a zalunci Sabi'u, tsoron nasa ba na banza ba ne. Ya ga an kwashe mutane a bakin titi suna jiran aiki da shebur a hannu, ya ga matan da aka bari da yara ba ko sallama. Amma abin da ya fi tsinka masa zuciya shi ne lamba. Kowane ɗan ƙasa a Libiya yana da wata doguwar lamba da gwamnati ta ba shi, da ita yake shiga banki, da ita yake sa ɗansa makaranta, kuma da rashinta ake gane irin su Sabi'u. Larabawa suna da sunan da suke kiranta, Hausawan Sabha kuwa suka hutar da harshensu, suka ce lamba kawai. In Sabi'u ya ji kalmar nan daga bakin Balarabe, ko da a kasuwa ce ana cinikin takalmi, sai ya fara duban inda ƙofa take.

Matarsa Mansura ita ma tana da tata lambar da take nanatawa, amma irin ta gida. A Tasawa in mace ta ce za ta kai ɗanta lamba, allurar rigakafi take nufi. Sunan ya samo asali daga waccan ta dantse mai barin tabo, ya bi sauran duka, har da wadda ake yi a cinya sau uku saboda mashaƙo da tarin shiƙa da tsinkau-tsinkau. 'Ya'yansu uku. Babban, Bashiru, a Tasawa aka haife shi lokacin uban yana Libiya ba shi da halin ba da shawara, don haka ya samu allurarsa uku cif. Bintu ta samu biyu, sai maigida ya aiko a taho maza, wai ta ukun a ƙarasa a can, ƙasar da ko asibitin awakinta ya fi na mutanen Tasawa. Auta Anisa kuwa a Libiya aka haife ta, a wata gonar dabino a Zighan inda Sabi'u ya kama aikin katanga. Ta zo duniya ƙarƙashin cikakkiyar kulawar mahaifinta, saboda haka ba ta samu ko ɗaya ba. Uku, biyu, babu. Gidan Malam Sabi'u yana ta samun ci gaba.

Da aikin gona ya ƙare suka dawo cikin gari, Mansura ta sa shi a gaba.

"Maigida, ɗiyar ga ta kusa shekara ba a yi mata lamba ba. Ga gidan likita nan bayan masallaci, an ce kyauta ne."

"Kyauta? Ke tun da kika zo ƙasar ga, mi anka taɓa ba ki kyauta ban da rana?"

Ba ta yi musu ba, don Mansura ba ta iya musu ba. Abin da ta iya shi ne maimaitawa. Ta faɗa da safe tana miƙo masa kunu, ta faɗa da yamma tana karɓar ledar burodi, ta faɗa a ranar da ya dawo da murna, ta faɗa a ranar da ya dawo da haushi. Daga ƙarshe Sabi'u ya gane cewa zuwa asibitin ya fi zaman gidan sauƙi. Ya amince, amma da sharaɗi: shi zai shiga da yarinyar, ita ta tsaya a waje. Ba ta jin Larabci, sannan tana da wata mummunar ɗabi'a da ya kasa raba ta da ita, in an tambaye ta abu sai ta faɗi gaskiya.

"To Bintu hwa? Ita ma saura ɗaya."

"Ɗai-ɗai ake shiga. In kamawa ce a kama kaɗan."

Ranar Asabar ya yi shiri irin na wanda zai je gaban alƙali. Ya zura farar jallabiya, ya ɗora baƙar falmaran, ya kafa baƙar hula irin ta dattawan Libiya, ya duba madubi ya ga ɗan ƙasa sak. Zanen da wanzamin Tasawa ya tsaga masa daga baki zuwa kunne ne kawai bai samu labarin an canja ƙasa ba. Ya saɓa Anisa a kafaɗa, Mansura da Bintu suka biyo shi, ya ajiye su a inuwar katangar masallaci, ya shiga.

Ma'aikaciyar allurar sunanta Khaula, 'yar Sabha ce mai fara'a da yawan surutu. Kakarta ta wajen uwa tana jin Hausa, ita kuma ta tsinci sauran a bakin matan Nijar da ke cika mata benci kullum, har ta kai tana ganin kanta malamar harshe. Watau dai ranar nan masana biyu ne suka haɗu. Tana ganin zanen kumatun Sabi'u ta yi murna, ga damar nuna gwaninta ta samu. Shi ya buɗe baki zai zuba Larabcinsa na wurin gini, ita ta riga shi.

"Sannu Haj. Yarinya akwai lamba?"

 Kalmar nan ce fa da matarsa ta shafe watanni tana buga masa a kunne safe da yamma, kuma ita ce ta fito da shi daga gida. Amma Sabi'u ba yaro ba ne. Lamba a bakin Mansura daban, lamba a bakin Balarabiya mai farar riga, a ofishin gwamnati, ƙarƙashin tuta, daban. Ina ita ina sanin Hausar ƙauye? Khaula ta ga kamar bai gane ba, sai ta taimaka masa, ta bubbuga dantsenta da yatsa. Ya dubi wurin. Daidai inda 'yan sanda ke maƙala tambarinsu. Wato har gargaɗi ake yi masa.

"Akwai," in ji shi, murya a dake. "Akwai lamba."

"Masha Allah. Karti?"

"Shina gida."

"Duka akwai? Talata?"

Ta ɗaga yatsu uku. Malamar harshe ta iya Hausa, amma ƙirga da Larabcinta take yi, kuma a Larabcinta talata uku ke nan. Tambayarta ita ce ko an yi wa yarinyar allurar cinya duka ukun, kartin da ta nema kuwa katin rigakafi ne. Sabi'u ya dubi yatsun, ya lissafa a ransa: Lahadi, Litinin, Talata. Magana ta fito fili. An ba shi kwana uku ya kawo lambar gwamnati.

"Talata," ya ce, yana gyaɗa kai. "Talata, in sha Allahu."

Khaula ta yi dariya, ba ta taɓa jin an sa in sha Allahu a kan abin da ya riga ya wuce ba, amma ta ɗauka tsoron Allah ne ya yi wa bawan Allah yawa. Ta ja kumatun Anisa, ta yaba wa uban da ya kula da 'yarsa haka, ta mayar da allurar da ta fara ɗaukowa cikin akwatin sanyi.

"Halas, yau babu allura. Yarinya shekara ɗaya, kai kawo karti, akwai wani."

Bai tsaya jin ƙarshen ba. Ya fito da sauri ba gudu ba, don gudu shi ke tona asirin baƙo. Sai da suka karya kwana sau biyu a lungu sannan ya bari Mansura ta yi tambaya.

"An yi? Ban ji kukanta ba."

"Wane irin an yi! Tarko ne sunka ɗana. Lambar gwamnati suke nema, ko jariri ba su bari. Da ke ce kika shiga, da yanzu muna bayan mota. Ni kau na ce akwai, sunka ba ni Talata. To su jira Talatar."

Juma'ar da ta biyo baya darasin gindin katanga ya samu sabon babi. Sabi'u ya ba da labarin yadda ya shiga har cikin ofishin gwamnatin Libiya ya fito ba tare da ta gane shi ba. A faɗa ta farko ma'aikaciya ɗaya ce. Kafin wata ya ƙare an samu ɗan sanda a bakin ƙofa, daga baya ya zama biyu, da bindiga. Ya kafa wa gidansa doka, ranar Talata ba mai bin layin bayan masallaci, har shi kansa ya koma yin azahar ɗin Talata a wani masallacin. Magidanta da dama a gidan hayar suka gode masa, suka hana matansu zuwa. Ana samun irin wannan albarka in Allah ya haɗa mutane da maƙwabci mai ilimi.

Mace ɗaya ce ilimin bai kai gare ta ba, Aisa, Bazabarmar da ke ɗakin ƙarshe. Hausarta ba ta wuce ta cefane ba, don haka darasin ya bi ta saman kanta ya wuce. Ta goya ɗanta ta tafi asibitin. Da ta dawo, Mansura ta tare ta a bakin famfo.

"Ba su tambaye ki lamba ba?"

"Ta tambaya. Ni ce babu. Ita yi allura." Ta buɗe cinyar yaron ta nuna.

Mansura ta kai maganar gaban maigida tun bai cire takalmi ba. Sabi'u ya yi murmushin tausayi irin na malamin da aka kawo wa tambayar yara.

"Ke ba ki san dabarar gwamnati ba. Sun shigar da ɗanta cikin na'ura, ranar da za a zo ɗaukarsu tana nan tahe. Mu kau namu ya hi nata wuya, don na riga na ce akwai. In kika koma kika ce babu, sun kama mu da ƙarya. In kika ce akwai, su ce kawo. Mi za ki kawo?"

 Mansura ta dubi Bashiru da Bintu, ta tuna matan da aka kwashe mazansu, ta bar maganar. Aisa ta koma sau biyu ta cika uku, kuma motar da za ta zo ɗaukarta ta yi ta makara. Sabi'u ya ce ai gwamnati ba ta gaggawa.

Anisa ta yi shekara, ta yi biyu, ta tashi 'yar ɓulɓul mai surutu. A nan dole a faɗi gaskiya: Sabi'u yana son yarinyar nan son da bai taɓa yi wa wani mahaluki ba. Ita ke tare shi a bakin ƙofa ta shige baro ya tura ta har ɗaki. Ita ke cire masa hula ta kifa a kanta har ta rufe mata ido. A duk masu zuwa darasin Juma'a ita kaɗai ke zama a kai ƙarshe, tana kan cinyarsa tana wasa da gemunsa, in ya ce akwai ta ce akwai, jama'a su yi dariya. Duk ɓoye-ɓoyen da yake yi, a ransa don ita yake yi. Yakan dube ta tana barci ya ce babu gwamnatin da za ta san da zamanta, balle ta raba su.

Gidan hayar nasu zango ne ga masu wucewa arewa. Wata mata ta sauka da ɗanta daga kudu, suka yi 'yan kwanaki suna jiran mota. Yaron yana fama da ciwon wuya, ba ya iya haɗiye abinci, Anisa kuwa ba ta da ƙyamar baƙo, kofi ɗaya suke shan ruwa. Motarsu ta zo suka wuce, ba wanda ya sake jin labarinsu.

Bayan tafiyarsu Anisa ta tashi da zazzaɓi. Sabi'u ya duba ya ce ruwan firiji ne, ya hana. Ta daina cin abinci, ya ce haƙori ne, ya sayo maganin zaƙi a kanti. Wuyanta ya kumbura har ya haɗe da haɓa, muryarta ta dushe, numfashinta ya koma fita da wani ƙara kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen katako. A nan ya ce hakin wuya ne, ya aika a kira Gwadabe, wanzamin Kano da ke aski a bakin kasuwa, ya zo ya cire. Gwadabe ya zo da jakarsa, ya danne harshen yarinyar da cokali, ya haska fitilar waya. Wata farar fata mai duhu-duhu ta lulluɓe maƙogwaron, ga wari. Ya mayar da askarsa cikin jaka.

"Malam Sabi'u, wannan ba aikin aska ba ne. Na ga irinsa a Kano kafin in taho. Mashaƙo ne. Wallahi ku tafi asibiti yanzu, kar ku jira la'asar."

Sabi'u ya fara bayanin cewa yau Talata ce, kuma akwai wani kanti a unguwar Sukra da mai shi ba ya tambayar komai. Bai kai ƙarshe ba ya ga Mansura ta sunkuci yarinyar ta goya, ta ja mayafi. Ba ta ko dubi inda yake ba, ta fita. Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa taka ƙofar gida ba da izininsa ba. Ya tsaya yana kallon ƙofar, sannan ya bi ta, amma sai da ya tsaya ya zura jallabiya da falmaran ya kafa baƙar hula, don ko a tashin hankali mai ilimi ba ya barin tsari.

Khaula tana nan a kujerarta. Tana jin numfashin yarinyar fara'arta ta ɗauke. Ta leƙa bakin, ta ja ƙyallen rufe hanci ta ɗaura, ta ƙwala wa likita kira, ta kori sauran matan da yaransu zuwa tsakar gida. Sannan ta juyo ga Mansura.

"Yarinya akwai lamba?"

Sabi'u ya buɗe baki. Mummunar ɗabi'ar nan ta Mansura ta riga shi.

"Babu. Ko ɗaya ba a taɓa yi mata ba."

"Ko ɗaya? Don me, Hajiya? Gida nesa?"

"Bayan masallacin ga muke. Mun zo bara waccan, kunka ce sai da lambar gwamnati."

"Mu? Wallahi mu babu tambaya gwamnati. Yaro yaro ne."

Sai idonta ya sauka a kan mutumin da ke tsaye bakin ƙofa, baƙar hula, baƙar falmaran, zane daga baki zuwa kunne. Mutane da yawa sun wuce ta gabanta a tsakani, amma ɗan Libiya mai zanen Tasawa guda ɗaya ta taɓa gani, kuma ta sha ba ƙawayenta labarin mai in sha Allahun abin da ya wuce.

"Kai! Haj, kai ne! Ni tambaya lamba, kai ce akwai. Ni ce talata," ta ɗaga yatsu uku a gaban fuskarsa, "wahid, itnin, talata, allura talata! Kai ce talata. Allura yana hannu na, Haj. Yana hannu na, ni mayar!"

Ta bubbuga dantsenta kamar yadda ta yi a wancan karon. Sabi'u ya bi yatsan da kallo. Ƙarƙashin hannun jallabiyarsa, daidai wurin, akwai tabon da ya girma da shi, wanda uwarsa ta goya shi ta yi tafiyar ƙafa zuwa Tasawa aka yi masa. Ya san sunan tabon tun kafin ya san akwai wata ƙasa Libiya. Karo na farko tun zuwansa Sabha aka yi magana a gabansa bai da bayanin da zai ɗora a kai.

Mansura ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Ta juyo ta dube shi, ta yi tambaya ɗaya a hankali.

"Maigida, ran nan ma ta taɓa hannunta haka?"

Ya kau da kai, ita kuma ta koma kan yarinyar.

Aka sa su a motar asibiti zuwa babban asibitin gari. A can aka keɓe yarinyar a ɗaki ita kaɗai, aka sa mata ruwa da allurai, likitoci suna ta buga waya ana neman wani magani da suka ce sai an kawo daga nesa. Sabi'u ya zauna a dakalin waje yana jiran a zo a tambaye shi takarda. Har ya shirya amsa, don bakin ya saba. Masu fararen riguna suka yi ta wucewa ta gabansa, wani ya miƙo masa ruwa, wani ya ce ya yi addu'a, aka aika a duba Bashiru da Bintu da sauran yaran gidan haya. Ba wanda ya nemi lambar kowa. Da a ce ɗan sanda ya zo ya riƙe masa wuyan riga a lokacin, da ya gode masa, ko ba komai a ce tsoron ya yi rana.

Ta tagar gilashi yake hango ta. Sau ɗaya ta buɗe ido ta gan shi, ta ɗaga hannu wajen kanta. Ya gane hular take so. Ya cire ya miƙa wa wata ma'aikaciya, ta ce ba a shiga da kayan waje. Ya tsaya da hula a hannu, ya rasa inda zai sa ta. Washegari da hantsi Anisa ta cika, maganin yana hanya.

Mutanen gidan haya suka yi mata sutura yadda likita ya ce a yi, aka sallace ta bayan azahar, maza suka ɗauke ta zuwa maƙabartar bayan gari. Gawar ba ta da nauyi, amma Sabi'u bai bari kowa ya karɓe shi ba. Masu zuwa darasin Juma'a suna biye da shi, ba mai duban idon wani, kowa yana tunanin yaran da ya bari a ɗaki.

Mai kula da maƙabartar wani tsohon Balarabe ne mai rawani, yana zaune a inuwar ɗakinsa da gwangwanin fenti a gefe. Ya yi musu ta'aziyya, ya tambayi sunan yarinyar da na ubanta. Sannan ya yi tambayar da aikinsa ya ce ya yi, da Larabci tsantsa, ba kwana ba lauje, ko yarinyar tana da lambar ɗan ƙasa. Wannan karon ita ce, ainihin wadda Sabi'u ya shekara goma yana gudu. Jama'a suka zuba masa ido, sun san darasin.

"Babu," in ji Sabi'u.

Ƙasa ba ta tsage ba, mota ba ta zo ba. Tsohon ya gyaɗa kai kawai.

"Ba matsala. Nan kowa muna ba shi tamu."

Ya nuna musu gefen da ake sa baƙi, inda ƙananan bulo ke jere a kan tudun ƙasa, kowane da rubutun baƙin fenti. Da aka gama rufewa ya ɗauko bulo guda, ya tsoma buroshi, ya rubuta lambar da ke bin ta kabarin kusa. Sabi'u ya karɓa da hannunsa ya kafa a wajen kai. Ya daidaita shi, ya danna ƙasa a gindinsa, ya sake daidaitawa, don hannun magini ba ya barin bulo a karkace. A nan kukan ya zo masa, irin na babban mutum, mai muni, ba hawaye da yawa sai sauti. Gwadabe ne ya ɗaga shi.

Da suka dawo mata sun cika tsakar gida. Aisa tana zaune kusa da Mansura da ɗanta a cinya, yaron yana ta cin dabino. Sabi'u ya wuce ɗaki kansa a ƙasa. Jim kaɗan Mansura ta shigo ta tsaya daga bakin ƙofa, idanunta a bushe. Tun a asibiti ba ta yi masa magana ba.

"Kun sa mata wata alama? In na samu zuwa wata rana, in gane wurin."

"An sa," ya ce. Ya so ya tsaya a nan, amma bakin da ya saba bayani bai iya tsayawa ba. "Ba za ki ɓata ba. An yi mata lamba."

Sai da maganar ta fita ya ji ta. 

"To madalla," ta ce. "An dai yi."

Ta ɗauki hularsa da ke kan katifa, inda yarinyar ke kwana, ta rataye masa a ƙusa, ta koma wajen masu gaisuwa.